Rawayar Rigar da Ke Rataye a Shagon Namadi

Duk wanda ya taɓa bin hanyar tsohuwar tashar jirgin ƙasa a Kaura Namoda ya san shagon Namadi Tela, ko bai san sunan mai shi ba ya san ƙarar kekensa. Ɗan tsukukun shago ne mai ƙofar langa-langa, da benci ɗaya na baƙi, da dutsen guga na gawayi wanda ya girmi yawancin masu kawo ɗinki. Namadi kansa dogo ne siriri, tabarau a karan hanci, tef rataye a wuya kamar da shi aka haife shi. Mutumin kirki ne, wannan babu musu. Ba ya cin ƙyallen mutane, ba ya sa ranar da ba zai cika ba. Cutarsa guda ɗaya ce, alfahari da idonsa. Namiji na shigowa, kafin ya gama sallama Namadi ya riga ya auna shi daga kafaɗa har idon sawu, tef ɗin sai dai don kada a ce bai yi komai ba. Abin haushin kuma, ba ya kuskure. Shekara arba'in yana faɗa wa duk mai kunnen ji cewa ba a taɓa dawo masa da ɗinki ba.

Haifaffen Dauran ne, can ƙasar Zurmi. Gidansu manoman gero da dawa ne, amma shi tun yana yaro fartanya ba ta karɓe shi ba, kunya biyu zai yi ya fara neman inuwa. Da mahaifinsa ya gaji da faɗa sai ya miƙa shi ga wani kawunsa tela. Nan fa yaro ya samu abin da hannunsa ke so. Da ya zama saurayi ya ɗaure keken ɗinki a bayan keken hawa yana cin kasuwanni, yau Kasuwar Daji, gobe Zurmi, jibi Shinkafi. A kasuwar Shinkafi ne wata yarinya 'yar Badarawa mai tallar ƙuli-ƙuli ta kawo masa mayafinta da ƙusa ta yaga. Aikin minti biyu ne. Namadi ya sauya zare sau uku, ya goge allura, ya ɗiga wa keke mai, ya sake goge allura.

“Malam tela,” in ji yarinyar, “in ɗunkin ya hi ƙarhinka ka ba ni in kai gaba.”

Sunanta Suwaiba. Tun daga ranar tayar keken Namadi ta san hanyar Badarawa, shi kuma bai ƙara kiran ta da sunan yanka ba, sai Ta Badarawa.

To, a ƙasarmu tela namiji ba ya sa tef a jikin mace. Mace takan aiko da wata rigarta wadda ta yi mata daidai, a shimfiɗa ta bisa yadi a yanka da ita, in an gama a mayar mata tare da sabon ɗinki. Ita ake kira rigar awo. Da aka sa ranar aure Namadi ya rantse babu mai ɗinka kayan amaryarsa sai shi. Gwaggon Suwaiba ta aiko masa da rigar awo a naɗe cikin takarda, rawaya mai ƙananan furanni kore. Ya yanka kaya kala bakwai da ita, ya ƙure basirarsa a kan kowane wuya da kowane hannu. Da ya gama sai ya kasa mayar da rigar. Da suka tare a Kaura ya kama shago, ya buga ƙusa daidai saman kekensa ya rataye ta, daga baya ya sa ta cikin leda don kada ƙura ta ci ta.

Tun daga nan, kowace Sallah, ƙarama da babba, atamfar farko da almakashin Namadi ke shiga ta Suwaiba ce. Ko attajirin gari ne ya kawo shadda sai ya jira. Ya sauko da rawayar riga, ya shimfiɗa, ya zana da alli, ya yanka. Kuma kusan kullum rawaya yake sayo mata, tunda ga shaida a ƙusa cewa ita take so. Abu ɗaya take roƙon sa duk shekara: “Malam, a bar mani kallabi da girma.” Shi kuwa ya bar mata kallabi kamar za a rufe buhu da shi, ya fito yana yi wa maƙwabcinsa Yari mai sayar da yadi dariyar matan Badarawa da son babban ɗauri.

“Ka gan ta nan,” yakan nuna wa Yari rigar. “Shekara talatin da shidda, haihuwa bakwai, ko inci ɗaya ba ta ƙara ba. Kowa matatai ta buɗe, tawa tana nan wada nis san ta.”

Yari, wanda matarsa ke shiga gidajen unguwa, sai ya yi tari ya kalli titi.

Zaman nasu ba a taɓa jin kansu ba. Cikin haihuwa bakwai biyar suka rayu, huɗu sun yi aure, saura auta Anisa. Babu zagi, babu yaji, babu ranar da aka kwana da yunwa saboda sakaci. Sai dai hira ta ƙafe a hankali, yadda ba wanda zai ce ga ranar da ta ƙafe. Ta Badarawa ta koma “ke”. Ya fita bayan kokon safe, ya dawo bayan magariba, ya ci tuwo yana jin rediyo, ta ce ruwa fa, ya ce to. Ranar Sallah in ta fito cikin sabon kaya yakan ɗaga kai ya duba, amma fa wuyan riga yake dubawa ko ya kwanta, ya duba kalmasa ko ta miƙe. In ya ga sun yi, ya gyaɗa kai ya wuce masallacin idi. Mutumin da ke auna baƙo daga bakin ƙofa ya shekara da shekaru yana kallon ɗinkinsa a jikin matarsa ba tare da ya kalli matar ba.

Saura sati uku bikin Anisa, wadda za a kai Zurmi, bel ɗin kekensa ya tsinke da hantsi. Yana da wani a gida cikin tsohuwar jaka. Rabonsa da shiga gidansa a irin wannan lokaci har ya manta. Ya yi sallama ya shiga tsakar gida, sai ya tarar igiyar shanya uku cike da kaya. Suwaiba ta juye akwatinta duka ta wanke saboda biki, ta shanya su a bai-bai don kada rana ta cinye launi. Namadi ya tsaya yana murmushi, ga aikin hannunsa na shekara da shekaru jere kamar a shago. Ya kama hannun wata riga yana yaba kansa.

Murmushin bai daɗe ba. Tela ya san ɗinkinsa yadda uwa ta san kukan ɗanta. Daga hammata zuwa ƙasa an farke layinsa, an sa wani ƙyalle mai faɗin tafin hannu, an mayar da wani zare wanda ba nasa ba, da taku manya-manya irin na keken hannu. Ya duba ɗaya gefen, haka. Ya kama ta kusa da ita, haka. Ya bi igiya uku riga bayan riga, babu wadda ta tsira. A ƙarshen igiya kallabai ke lilo, kowanne an yanke masa gefe, sun koma 'yan ƙanana.

Suwaiba na zaune a inuwar dalbejiya tana tsinkar zogale a faranti. Ta ga shigowarsa, ta ga abin da ya gani, ba ta fasa tsinka ba.

“Ke! Wa yat taɓa mani ɗunkina?”

“Sannu da zuwa, Malam. Aikin Ladidi na.”

Ladidi tsohuwar bazawara ce, gida biyu tsakaninsu, mai ɗan keken hannu da take yi wa matan unguwa faci da shi. Namadi bai taɓa lissafa ta cikin teloli ba.

“Ladidi? Bisa ɗunkina? Tun yaushe?”

“Ita ta kai shekara ashirin da biyar. Kahin ita da hannu nike yi.”

“Kuma ba ki hwaɗa mani ba?”

Sai a nan ta ajiye reshen zogalen ta ɗago kai. Ba fushi a fuskarta, har da ɗan murmushi, shi ya sa maganar ta fi shiga.

“Mi za ni hwaɗa maka? Kai da aka ce kana auna mutum da ido. Kullum gabanka nike wucewa, ni ka kawo maka tuwo, ni ka ɗauke kwano. Yarinyar ga da kake ma ɗunki na san ta, amma ta daɗe da barin gidan ga. Ni ag ga.” Ta mayar da hannu cikin faranti. “Af, tunda magana ta zo, atamhwar bikin Anisa tana cikin akwati. Wagga karon kai tsaye za ni ba Ladidi. Uwar amarya ba ta shiga taro da ƙari a hammata, kuma ina son in ɗaura kallabina cikakke ko sau guda.”

Namadi ya fita ba tare da bel ɗin ba. Sai da ya kai shago ya tuna.

Ranar bai yi ɗinki ba. Da farko haushi ne zalla, haushin tela. Wato duk matan unguwa sun sani, matar Yari ta sani, Yari ya sani, shi kaɗai ke tsaye yana nuna riga a leda kamar mai nuna kofin da ya ciyo. Da la'asar ta yi haushin ya sauka, wani abu mafi nauyi ya hau. Ya rufe ido ya gwada auna Suwaiba a ransa yadda yake yi wa kowa, ya ga bai san faɗin kafaɗarta ba. Ya san na liman, ya san na direbobin tasha, ya san na mutumin da ya zo sau ɗaya daga Shinkafi shekara biyar da suka wuce. Na matarsa ne bai sani ba. Kunya ta kama shi sosai, kuma ya ji tsoro, domin ya gane in atamfar nan ta shiga gidan Ladidi ba tare da ta bi ta hannunsa ba, to abu ɗaya da ya rage yana yi wa Suwaiba da zuciyarsa ya fita daga hannunsa ke nan.

Washegari ya haɗiye girman kai ya yi sallama a zauren Ladidi. Tsohuwar ta tsaya a bayan labule, kuma ko ba a ga fuskarta ba an san daɗi take ji.

“Yau babban tela da kainai? Lahiya dai?”

Ya yi 'yan kame-kame, ya ce dai ya zo godiya ne.

“Godiya ta yi. Shekara ashirin da biyar ina gyara maka aiki, idona har ya hwara gajiya. Ɗunkinka da kyau, ba ni hana maka, warwara tai ma wahala gare ta. Mai shi dai ba ta shiga ciki. In kana so in ba ka rigarta guda da nig gyara, ka yanka da ita, ka huta in huta.”

Yari ma da ya ji labari, bayan ya gama dariya har da riƙe ciki, shawarar da ya bayar ke nan. A ɗauko riga ɗaya daga igiya, a sauya ta ƙusa, magana ta ƙare. Namadi ya kusa yarda, don ita ce hanya mai sauƙi. Amma da ya ɗaga kai ya kalli ledar nan sai ya ga ai ta wannan hanyar ce ya faɗa ramin tun farko. Wata rigar zai rataye, ya sake shekara ashirin yana yi mata ɗinki, matar kuma tana can gida.

Da hantsi ya ja ƙofar shago ya sa kwaɗo. Yari ya leƙo yana tambayar ko rasuwa aka yi. Namadi ya biya wajen mai rake ya sayi sanda biyu, ya shiga gida, ya tsaya a gaban Suwaiba yana murza tef a hannu kamar yaron da aka aiko ya manta saƙo.

“Na zo ne... in ba damuwa... in auna ki.”

Suwaiba ta dube shi, ta dubi tef, ta ja mayafi ta rufe baki. Mace mai jikoki tara, sai ga ta tana jin kunya.

“Auna ni? Da rana tsaka? Malam, ka ji tsoron Allah. Yau dai ina da surhe.”

Amma ta karɓi raken. Kashegari ya zo da tsire, ta ce tana da baƙi. Rana ta uku ya zo da mangwaro, ta ce bayanta na ciwo. Ya gane sarai ja masa rai take yi, kamar yadda ta yi masa a Badarawa lokacin da yakan yi tafiyar rabin yini a keke ta sa a ce masa ta tafi rijiya. Abin mamaki, maimakon haushi sai ya ji ƙirjinsa na yin irin abin da ya yi a wancan lokaci. Tunda ba a ba shi damar awo ba, kuma ba zai koma shago nan take a yi masa dariya ba, sai ya riƙa zama a kan turmi yana kallon ta tana aiki.

Nan ya fara ganin abubuwa. Kafaɗarta ta hagu ta ɗan fi ta dama sauka, wajen da ta saɓi 'ya'ya da tulu. Akwai tabon ƙunar mai a wuyan hannunta wanda bai san ranar da ta same shi ba, da ya tambaya ta ce ai tun goyon Sadiq ne, ɗansu Sadiq da yanzu ke da 'ya'ya uku. In za ta yi dariya takan kare baki saboda haƙori ɗaya da ta rasa. Kullum tana neman inda za ta sa wayarta, ta cusa a ƙugu ta faɗi, ta ɗora a kan katanga ta manta. Kuma tana waƙa in tana tankaɗe, ƙasa-ƙasa, waƙoƙin 'yan matan Badarawa na da. Ya tambaye ta tun yaushe take wannan waƙa, ta ce kullum, da hantsi.

Hira ta dawo da kanta, ba wanda ya kira ta. Suka tuna shekarar da ruwa ya cinye hanya suka kwana biyu a Kasuwar Daji da jariri. Suka tuna 'ya'yansu biyu da suka rasu, waɗanda ba su taɓa zama sun yi maganarsu tare ba, ta share ido da bakin zani, shi ma ya cire tabarau ya goge. Daga nan ta ba shi labarin yadda take shiga gidan Ladidi da sabon ɗinki a ɓoye cikin kwando an rufe da ganyen rama don kada a gani, ya yi dariya har ya ƙware. Anisa ta shigo daga kitso ta tarar da iyayenta suna shan rake a faranti ɗaya, ta ja da baya ta sake duba ƙofa ko gidan ne.

Rana ta shida, saura kwana goma sha huɗu biki, ya zo hannu wofi don ya rasa abin da zai sayo. Gida ba kowa. Suwaiba ta dube shi ta ce, “To yau ba cin hanci?” Ta shiga ɗaki, ta tsaya a tsakiya, ta ce ya zo ya yi abin da zai yi kafin ta sake shawara.

Ya matso zai fara awo. Tef ya faɗi sau biyu. Da ya zagayo da shi ta hammata ta zabura tana dariya wai yana yi mata cakulkuli, ya ce ta tsaya mana, ta ce shi ya tsaya. Yana aunawa yana rubuta lamba da alli a bayan ƙofa. Ƙirji, ƙugu, faɗin hannu, duk sun wuce na rawayar riga nesa, wannan bai ba shi mamaki ba. Da ya zo kafaɗa ya tsaya. Ya sake aunawa. Ya auna tsawon hannu daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu, ya sake tsayawa. Lambobin rawayar riga a kansa suke kamar sunansa.

“Tsaya,” ya ce. “Jiki shina ƙaruwa, na yarda. Amma ƙashi ba ya ƙaruwa da haihuwa. Hannunki ya hi na rigar ga tsawo da inci biyu. Ba ta yiwuwa.”

Suwaiba ta sauke hannu a hankali. Ta kalli ƙasa, kafaɗunta suka fara girgiza, ya zaci kuka ne, ashe dariya ce take dannewa.

“Malam, rigar ga ba tawa ba ta. Ta Rukayya ta, ɗiyar Gwaggo.”

“Ta wa?”

“Rigunana biyu na lokacin, dut sun ƙoƙe da talla. Gwaggo ta ce ba a kai ma surukai tsumma su raina mu. Sai taɗ ɗauki sabuwar rigar Rukayya, wai ai kusan kanmu ɗaya. Ni ko rawaya ban taɓa so ba.”

Namadi ya nemi bakin gado ya zauna.

“Ranar da anka kawo ni,” ta ci gaba, “kukan da nike yi mutane sun ɗauka na rabuwa da gida na. Rabinai hammata ta ka yi mani zogi.”

“To mi yah hana ki hwaɗi tun ranar?”

“Ka shigo kana murna, yatsunka dut sun yi kanta, kac ce, Ta Badarawa, sun yi? Ina amarya, ina ganin huskarka. Sai nic ce sun yi. To daga nan kuma ina za ni hwara? Kowace shekara sai ta hi ta baya wuyar hwaɗi.” Ta zauna kusa da shi. “Laihin ba naka ba na kai ɗaya. Ni ma na iya shiru da yawa.”

Namadi ya dubi lambobin da ke bayan ƙofa. Shekara talatin da shida yana yi wa Rukayya ɗinki, matar da rabonsa da ita tun wani suna, ita kuma wannan da ke gefensa tana matse numfashi da yanke kallabi don kada ransa ya ɓaci. Dariya ta zo masa da hawaye a tare, bai san wanda zai fara ba. Ya ce ta yafe masa. Ta ce ta yafe tun kafin ya tambaya, amma ya tashi ya ƙarasa awo, aiki na jiran ta. Da ya gama ta buɗe akwati ta ciro atamfar, shuɗiya mai duhu da zanen ganye, ta ɗora masa a hannu biyu.

Kwana huɗu ya yi a kan kayan, aikin da ya saba gamawa a yini. Ya rage kafaɗar hagu kaɗan yadda za ta kwanta daidai, ya saki wuya, ya ɓoye aljihun waya a gefen dama inda ba mai gani. Sau uku yana rufe shago ya je gida gwaji, ko da yake na ukun babu abin da ya rage a gwada. Kallabi kuwa, da ya zo yanka shi hannunsa ya tafi inda ya saba, ya bar shi da girmansa na kullum.

Ranar kai amarya da wuri aka shirya, don yanzu ba a son yamma ta yi wa mutane a hanyar Zurmi. Mata sun cika tsakar gida. Suwaiba ta fito cikin shuɗi, tana tafiya tana kaɗa hannu son ranta, da ɗauri a kai wanda sai da ta sunkuya kafin ta wuce ƙofar ɗaki. Guɗa ta tashi. Wata ta ce yau uwar amarya za ta ƙwace wa amarya kasuwa. Ladidi ta ratso taro, ta ɗaga hannun Suwaiba ta leƙa hammata, ta juya bakin riga ta bi ɗinkin da farce daga sama har ƙasa. Mata suka zuba mata ido suna jira.

“To,” in ji Ladidi. “Yau dai na rasa aiki.”

Namadi na zaure tare da maza, yana jin shewar daga ciki. Da mata suka fito za su shiga mota ya ɗaga kai. Bai duba wuyan riga ba, bai duba kalmasa ba. Da Suwaiba ta zo wucewa ya ce, a hankali yadda ya zaci ba mai ji, “Ta Badarawa, sun yi?” Ta kare baki da gefen mayafi ta ce, “Sun yi, Malam. Wagga karon da gaske.” Yari da ke kusa ya yi tarinsa ya kalli titi.

Bayan biki Namadi ya sauko da rawayar riga, ya wanke, ya goge ta da dutsen gawayi, ya ba direban Shinkafi ya kai wa Rukayya a Badarawa tare da sabon turmin atamfa na ban haƙuri. Saƙo ya dawo cewa Rukayya ta ce Allah ya isa tsakaninta da Gwaggo, don shekara talatin da shida tana zargin ƙanwarta da ɓatar da rigar. Ƙusar tana nan a saman keke, ba a rataya mata komai ba. Ya daina cewa ba a taɓa dawo masa da ɗinki ba, kuma masu kawo aiki sun koyi cewa in hantsi ya yi kada su zo, shagon a rufe yake.

Kwanan baya Suwaiba ke ba Ladidi labari tana dariya, wai Namadi ya auna kafaɗarta ran Litinin, ya dawo ran Laraba da tef ya ce ya manta lambar. Mutumin da bai taɓa manta awon kowa ba a Kaura. Ladidi ta ce to ta tuna masa mana. Suwaiba ta ce ita ma ta manta. Lambar kuwa tana nan da alli a bayan ƙofar ɗakinta, kullum in za ta share ɗaki sai ta kewaye ta da tsumma don kada ta goge.